Ruwan Zinaren Baba

Shekarun baya can, lokacin da kowane saurayin Keffi ke rungume da fayil yana bin motar Abuja, ni ma ina cikinsu. Intabiyu uku na yi, duka aka ce za a kira ni. Har yau ina jira.

Mahaifina ɗinkin littafi yake yi a Angwan Iya, ɗalibai na kawo masa furojet. Yana da wata 'yar kwalba ta ruwan zinare da yake shafa wa gefen littafi, amma ba kowane littafi ba. Ko ni da na gama digiri na ce, "Baba, a shafa wa nawa mana." Ya jujjuya shi ya ce, "Wannan ai alkawari ne kawai. Sai na ga ka cika." Wallahi na ji haushi. Kuma in faɗa muku gaskiya, kunyar sana'arsa nake ji. A fom, wurin sana'ar uba, "ɗan kasuwa" nake rubutawa.

Intabiyu na huɗu a wani kamfanin zuba jari ne. Na haddace lissafi kamar me. Sai wata dattijuwa cikin masu tambayar ta ce, "Me ya sa Turawan Ingila ke kiran takardun bashin gwamnatinsu gilt?"

Kai! Wannan ba ya cikin haddata. Abin da na sani kawai, kalmar tana nufin shafen zinare, don tana jikin kwalbar Baba. Na ce, "Ranki ya daɗe, ban karanta ba. Amma mahaifina mai ɗinkin littafi ne, kuma ba ya shafa zinare sai a gefen takardar da ya tabbata za ta cika alkawari. Ina jin su ma haka ne."

Ta cire tabarau ta ce, "Haka ne, a zamanin da, gefen takardun nasu zinare ne. Amma a fom ɗinka ɗan kasuwa na gani." Na sunkuyar da kai.

Bayan sati biyu aka kira ni in fara aiki.

Tun daga nan, duk wanda ya tambaye ni sana'ar mahaifina, da ƙarfi nake faɗa, har sai ya gaji da ji. Ranar da na zo gida da albashin farko, sai Baba ya nuna mini kan tebur da haɓa. Furojet ɗina ne, gefensa sai ƙyalli yake, ruwan ko bushewa bai gama yi ba.