Garwashi ta Tsakanin Ƙarafan Get

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, bayan wata tarzoma da ta ci rayuka, dattawan layinmu a Agege suka sa aka ƙera get na ƙarfe a bakin layi. Aka jera fasassun kwalabe a kan katanga, aka ɗauki maigadi, aka hana duk wanda ba ɗan layi ba shiga. Allah ya sani, sai a lokacin muka samu barci.

Sai dai gidan Iya Risi ya faɗa waje. Bayarabiya ce, ita ta fara ba Kaka garwashi ranar da ta sauka Legas ba ta san kowa ba. A da, kullum bayan isha'i Iya takan zauna gefen murhunmu tana gyangyaɗi, mu muna jin tatsuniya. Kaka ta roƙi Baba, da yake yana cikin dattawan layi, a riƙa barin Iya ta shigo. Ya ce in aka buɗe wa ɗaya, an buɗe wa kowa.

A ranar ne Kaka ta ba mu labarin wani mutum da kura ta dame shi da cin awaki. Ya ja katanga, ya toshe kowace kafa, har da wadda maƙwabciyarsa ke miƙo masa wuta. Kura ba ta ƙara shiga ba. Da ruwa ya kashe murhunsa, sai ya zauna cikin sanyi, awakinsa cif.

Na tambaye ta wa ke da laifi.

"Babu, ɗan nan," in ji ta. "Kurar gaskiya ce. Sanyin ma gaskiya ne."

Da damina ciwon ƙafa ya kwantar da Kaka. Wata safiya bayan ruwa ta lallaɓa har bakin get, da garwashi a murfin tukunya, ta sa aka kira Iya Risi. Iya ta yi dariya, ta ce tana da ashana.

"Karɓi dai, 'yar'uwa. Naki ne na dawo miki da shi."

Ta miƙa ta tsakanin ƙarafan. Iya ta sa hannu biyu ta karɓa, dariyar ta ɗauke.

Kafin lokacin girbi Allah ya karɓi ran Kaka. Daga waje Iya ta tsaya har makara ta wuce, Allah ya jiƙansu duka.

Yau makullin get ɗin yana hannuna. Ina rufewa, don ina da 'ya'ya. Amma kafin in danna kwado, nakan leƙa in ga wa ya rage a waje.