Tafiyata Kumasi Saboda Madannai Uku

Talata: daga Salaga zuwa bakin ruwa

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito gida, da jaka ɗaya a hannu da matacciyar waya a ƙulle a bakin zanena. Sunana Rabi, koko da ƙosai nake sayarwa a Salaga. Maigidana Malam Dauda tela ne, har ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, shekara biyu ke nan. Harshensa ya yi nauyi, hannun hagu kawai ke motsi, shi ma da rawa.

Wayar tasa ce. Tsohuwa ce irin ta sauraron kiɗa, baƙa mai jan gefe, ba ta kai tsawon tafin hannu ba. A gefenta akwai madannai uku masu tudu: na tsakiya kunnawa da tsayarwa, na sama gaba, na ƙasa baya. Ba sai an buɗe komai ba, ba sai an duba ba. Wanka da ci da sa riga duk yi wa Malam ake yi. Zaɓen waƙar da zai ji ne kaɗai ya rage yana yi wa kansa. Ranar da koko ya zube a kanta ta mutu, ƙanensa Alhaji Sani ya kawo masa sabuwa mai gilashi daga Tamale. Da kyakkyawar niyya ya kawo, ban musa ba. Amma yatsan Malam ya nufi nan, ita ta tafi can. Ya so waƙa, ta buɗe masa hoto. Kwana uku yana fama da ita, a na huɗu ya juya fuska bango, ya kuma rage cin abinci.

Da na ce zan kai tsohuwar Kumasi, Alhaji Sani ya ce mace mai shekara hamsin da biyar ba ta tsallaka ruwa ita kaɗai saboda abin da ko a bola ba wanda zai sunkuya ya ɗauka. Ya ce a riƙa kunna masa waƙar mana. Na ce masa ba waƙar ce yayansa ya rasa ba. Bai gane ba, ni kuma ban tsaya ƙarin bayani ba. Na bar Malam a hannun babbar 'yarmu Safiya, wadda ta zo daga gidanta don haka.

Motar Makango, garin da ke bakin ruwa, ta cika biyar da rabi. Tafiyar ba ta kai kilomita arba'in ba, amma ramuka suka sa muka ci sa'a ɗaya da kwata. A bakin ruwa muka tarar da babban jirgin nan mai ɗaukar motoci, wanda muke ce wa pantu, ana loda masa manyan motocin doya. Sai tara da minti goma ya tashi. Na zauna a kan buhun gawayin wata mata, na ci burodi da soyayyen kifi na sidi goma. Ruwa ya kwanta lafiya, sha ɗaya saura muka sauka Yeji.

Yeji zuwa Kumasi

Na samu kujerar taga a wata doguwar bas. Kafin Atebubu aka tsayar da mu a shinge, kowa ya nuna katinsa. Jami'in ya ga ƙullin zanena ya tambayi abin da ke ciki. Na kwance na nuna masa. Ya jujjuya ta yana murmushi, ya ce yayarsa ta taɓa riƙe irinta lokacin yana makaranta, ya miƙo mini da hannu biyu. Shi ne mutum na farko da bai yi mata dariyar raini ba.

A Ejura direba ya ba mu minti ashirin. Na yi azahar da la'asar, na ci shinkafa da wake. Daga Mampong hanya ta fara gangara tana murɗewa, na rufe ido har muka sauka ƙasa. Biyar da rabi muka shiga cunkoson Kumasi, magariba ta same ni a Zango, gidan Memuna, 'yar gwaggona, wadda ke sayar da atamfa. Ta ba ni tuwo da miyar ayoyo, ta shimfiɗa mini katifa a ɗakinta. Da ta ji abin da ya kawo ni ta ce gobe mu fara da Adum, inda shagunan waya suke, wataƙila a samu sabuwa irinta, a huta.

Laraba: Adum

Ƙarfe tara muna cikin layin masu waya. Shago bakwai muka shiga. A kowanne abu ɗaya nake yi: in ɓoye hannun dama a cikin mayafi, in karɓi wayar da hagu, in rufe ido, in girgiza hannun kamar yadda na Malam ke yi, sannan in nemi waƙa ta gaba. Idan ban same ta ba, in ajiye.

Sun nuna mini iri-iri. Akwai wata mai lasifika biyu da ƙararta ta cika shago, amma sulɓi ne da ita kamar sabulu, sau biyu tana zamewa daga hannuna. Akwai masu madannai na araha, sai dai kafin a kai ga waƙa sai an danna sau biyar, kuma madannan a shafe suke, yatsa ba ya bambance ɗaya da ɗaya. Wata kuma ba ta da ramin abin sawa a kunne, sai an sayi waɗanda ake caji daban, ga su ƙanana kamar ƙwayar wake. Na tambayi mai shagon wa zai tsinto wa marar lafiya su idan suka faɗa ƙarƙashin gado. Ya mayar da wayar cikin kwalinta.

A shago na bakwai, mai shagon ɗan Zango ne, Hausarsa tsaf. Ya ce yana da maganin matsalata: wayar da ake yi wa magana ta kunna waƙa da kanta. Na ce mijina ba ya iya fitar da kalma sosai. Sai ya ɗage kafaɗa ya ce, "To Hajiya, ai mijinki asibiti yake buƙata, ba waya ba. Matsalar daga hannunsa take."

Memuna ta taɓa ni don in yi haƙuri. Ban yi ba. Na ce masa, "Hannun nan ya ɗinka wa rabin Salaga kayan salla shekara talatin. Da shi a haka ya riƙe wannan tsohuwar ba ta taɓa ba shi kunya ba. Wanda ya ƙera taku ne bai taɓa zama kusa da marar lafiya ba."

Mutanen da ke shagon suka juyo. Na ƙulle wayar Malam na fito. A hanya Memuna ta ce bakina bai canja ba tun muna yara, sannan ta ce akwai wani Masta Fuseini a Zango, mai gyara ne, ba ya zubar da komai.

Shagonsa akwatin katako ne a jikin katangar wani masallaci. Dattijo ne Badagombe, da tabarau ɗaure da zare, Hausarsa irin ta Zango da ba ruwanta da mace ko namiji. Ya buɗe wayar, ya shinshina, ya ce, "Wannan waya ya sha koko." Ya nuna mini tsatsa a jikin allon ciki, ya ce ya mutu, ba ya tashi. Katin waƙoƙin dai lafiyarsa ƙalau. Ya zazzage buhu biyu na matattun wayoyi, babu irinta ko ɗaya. Ya ce in ina da ƙarfin hali in je kasuwar Race Course wurin masu sayen tarkacen waya a kilo. Idan na samo masa biyu ko uku irinta, zai haɗa guda mai rai. Daga yadda ya faɗa na san bai yi tsammanin zai sake ganina ba.

Alhamis: Race Course

Memuna ta tafi kasuwarta, na tafi ni kaɗai. Bakwai da rabi na bi ta bayan tashar motoci, ta cikin taɓo da masu turin kaya, har na samu rumfar wani Bazabarme mai suna Hamidu. Buhuna tara ne jingine. Ya ce ba shi da lokacin tonawa, in ina so in tona da kaina, amma in mayar masa da komai yadda na same shi. Ya ba ni benci.

Na tona. Fasasshen gilashi ya yanke ni a yatsa biyu, baƙar ƙura ta shiga har ƙarƙashin farce. A buhu na huɗu na ga jan gefen nan. Fuskarta a farfashe take, amma ita ce. Ina cikin na shida tawa wayar da nake kira da ita ta yi ƙara, Alhaji Sani ne. Ya ce an gaya masa matar yayansa na tonon shara a Kumasi, ina zubar musu da mutunci, in kamo hanya yau. Na tambaye shi ko Malam ya ci abinci. Ya ce cokali biyu. Na ce to idan na gama zan dawo, na kashe. A buhu na takwas na samu ta biyu. Hamidu ya karɓi sidi goma sha biyar, ya ba ni ruwa na wanke hannu, ya ce tun da ya fara sana'ar nan bai ga wanda ya tona buhu takwas ba.

Ƙarfe biyu na ajiye su gaban Masta Fuseini. Ya dube su, ya dube ni, ya ture aikin da ke gabansa. Allon ta farko ya ƙi. Na ta biyu ya kama, bayan ya wanke shi da buroshi ya sake liƙa wasu ƙafafu da dalma. Ya sa batir, ya mayar da katin Malam, ya danna. Kiɗan goge ya fito, wanda Malam ke ji da hantsi yana yankan yadi. Na juya baya don kada a ga fuskata.

Ya miƙo mini yana jiran godiya. Na ɓoye hannun dama, na rufe ido, na gwada. Na sama da na ƙasa sun yi. Na tsakiya ya lotsa, sai da na sa farce da ƙarfi ya amsa. Na mayar masa na ce bai yi ba. Ransa ya ɓaci. Ya ce waya ta mutu ya tashe ta, me kuma nake nema, robar madannin ta cinye a duka ukun, kuma kamfanin ya daina yin ta tun da daɗewa. Na ce na gode ƙwarai, amma Malam ba shi da ƙarfin farce, kuma madannin nan shi ne wanda ya fi dannawa. Na gyara zama a bencinsa. Aka kira la'asar, ya shiga ya yi, ya fito ya same ni. Ya yi ta magana da Dagbanci shi kaɗai. Can ya ɗauko wani tsohon silifa, ya yanko ɗan ƙanƙanin yanki da reza, ya goge shi ya zama kamar ƙwayar masara, ya liƙa a kan madannin. Na farko ya yi tsayi, wayar na kunna kanta a cikin hannu. Ya ɓamɓare ya rage. A na uku ya zauna daidai: yatsa na sauka a kai ya san inda yake, taɓawa kaɗan ya amsa.

Ya gaya mini gaskiya cewa rabin fuskar zai zauna da duhu, kuma ba za ta yi kira ba. Na ce ba kira na zo nema ba. Na ba shi ɗayar da ta rage, ya ƙi karɓa, ya ce in tafi da ita, wata rana za a nemi wani abu a jikinta.

Juma'a da Asabar: komawa

Na bar Kumasi shida na safe, amma tayarmu ta fashe bayan Ejura, muka isa Yeji pantu ya riga ya tashi. Masu kwalekwale suka yi ta kira. Na ga yadda suka loda mutane da babura har ruwa ya kusa baki, na ce ba da ni ba. Na kwana a Zangon Yeji wurin wata mai tuwo, Hajiya Adisa, wadda ta ƙi karɓar ko sisi. Da safe na tsallaka, azahar ta yi mini a Salaga.

Na sami Malam kwance, fuska a bango, Alhaji Sani na zaune a ƙofa. Mun gaisa a taƙaice. Ni da Safiya muka tayar da Malam muka jingina shi da filo, na sa masa wayar a tafin hagu. Babban yatsansa ya yi ta rawa a gefenta har ya sauka kan tudun robar. Goge ya tashi. Bai bari ya yi nisa ba ya danna gaba. Waƙar yabo ta shigo, ya wuce ta. Ta Indiya, ya wuce. Ya wuce shida a jere, na zaci yatsan ne ke kuskure, na miƙa hannu in taimaka. Ya janye wayar zuwa ƙirjinsa, ya dube ni, da ƙyar ya fitar da kalma ɗaya: "Bari."

Na bari. Ya koma baya biyu, ya tsaya a wadda yake so, ya lumshe ido. Alhaji Sani ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tashi ya ce wa Safiya ta ɗumama wa babanta miya, shi zai je ya sayo nama.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Memuna da Hamidu da Hajiya Adisa, da Masta Fuseini wanda na hana sakat har ya yi abin da ya kamata. Allah Ya saka musu da alheri. Ranar Malam ya cinye tuwonsa, Safiya na ba shi a baki, wayar na hannunsa, ba wanda ya isa ya taɓa ta.