Ruwan da Idi Ya Kai wa Masu Kaki

Ranar Laraba ce, bayan girbi. Ina sussuka a ƙofar gida, yayana Idi yana kan tabarma yana cika yaransa da surutu. Ya daɗe yana tuƙa motar hatsi tsakanin Maraɗi da Najeriya, ya dawo ƙauyenmu na gefen Korahane da ciwon baya da Turancin da bai taka kara ya karya ba.

Wai a can Najeriya, in ji shi, rundunar ƙasa sunanta ami, mutum ɗaya shi ne soja, daga bakin mutanen can muka ari kalmar soja. Mu nan larme muka sani, da jandarma, da gardi. Na ce masa suna ba ya cika rumbu. Ya ce mai kaki, ko da wane suna, baƙo ne, da ruwa ake tararsa. Haka kuwa yake yi duk sanda 'yan sintiri suka ratsa.

Da hantsi muka ji babura daga gabas. Karnuka suka ɗau haushi. Mutanen da suka sauka kaki ne a jikinsu, amma fuska naɗe da rawani, ƙafa da silifa. Na faɗa wa Idi ban taɓa ganin soja da silifa ba.

"Ke dai miƙo min kwano. Sojoji na, ƙishirwa ta kawo su."

Ya ɗebo ruwa a randa, ya nufe su da sallama. Wani cikinsu ya daka tsawa: "Kowa shi kwanta!"

Harbi biyu. Sai ƙarar kwano a ƙasa. Ita na fi ji.

Na goya 'yata, na kora yaran Idi gaba, muka faɗa cikin kara. Bayanmu rumbuna na ci, ana kora shanu. Da azahar muka iso wata ruga, matan Fulani suka ba yaran nono, ba su tambaye mu komai ba. Da magariba muka shiga Dakoro, ƙafafunmu duk ƙaya.

A bakin gari sojoji na gaskiya suka tare mu, da takalmansu da motarsu. Ɗaya ya miƙo mini ruwa. Na juya masa baya. Na san ba shi ya yi ba, amma kakin na tsana, har yau.

Washegari suka raka mu muka rufe Idi. Rumbunanmu sun zama toka, shanu sun tafi. Kwanon yana wurina, ya lotse gefe ɗaya. Yaransa har yanzu sun iya ami, sun iya soja. Ba a faɗarsu a ɗakina.