Sifikar Ɓangaren Mama

Motar Baba tsohuwa ce, ruwan toka, kuma tun ina firamare take kwana a ƙarƙashin mangwaron tsakar gidanmu a Jalingo. Ba ta da abin nunawa sai rediyonta. Shi kam Baba bai yi masa rowa ba, har ufa ya sa aka ɗaura a cikin but, wato babbar sifikar nan da kake jin bugunta a ƙirji kafin ya iso kunne. Samarin unguwa suna sa ufa ne don a san sun iso. Baba kuwa mawaƙi ne a coci, cikin masu kaurin murya da ke tsayawa a layin baya, ya ce ya sa tasa ne don ya riƙa jin 'yan'uwansa.

Shekaru ya yi yana saita rediyon nan. Duk Asabar, idan ya gama wanke mota, sai ya zauna ya bar ƙofa a buɗe, ya murɗa kaɗan, ya karkata kai ya saurara, ya sake murɗawa. Injin casar shinkafa da ya yi wa aiki tun yana saurayi ya cinye masa rabin kunnen dama, saboda haka da na hagu yake farautar sauti. Maɓallan tashoshi shida ne, kowanne da aikinsa: na ɗaya na labarai da sanarwar rasuwa, na biyu na waƙoƙin Lahadi. Na shida kuwa a cikin gari shuuu kawai yake yi. Sai mun kama hanyar Lau, mun kusa ƙauyen su Baba, sannan wata tasha mai nisa take fitowa daga cikinsa, kamar wadda ta taho tarye.

Abu ɗaya ne ya ƙi gyarawa. Sifikar ƙofar gaba, ta ɓangaren da Mama ke zama, ba ta taɓa yin ko tari ba tun da na yi wayo.

"Ka iya sayen ganga ka ajiye a but," in ji Mama, "amma 'yar wannan ta gefena ta fi ƙarfinka."

"Ke ai rediyo ce da kanki," Baba zai ce. "A haɗa tasha biyu a kujera ɗaya?"

Na taɓa raka shi canjin batir wurin mai rewayarsa, mai gyaran wutar mota, a bayan Kasuwar Jalingo. Kafin a kwance tsohon, sai da ya tsaya a kan mutumin ya kawo ƙaramin batirin mashin, ya haɗa da wayoyi biyu. Na tambayi dalili. Baba ya ce rediyon nan mantuwa gare shi: idan aka yanke masa wuta, ko na ƙiftawar ido, zai koma kamar ranar da aka ciro shi daga kwali. Ƙaramin batirin shi ke riƙe masa numfashi har a ɗaura sabon.

Baba ya rasu da damina, shekarar da na gama jami'a ina jiran tafiya bautar ƙasa. A cikin rediyon ya bar filashi mai waƙoƙin mawaƙan cocinmu, da wani ya ɗauka da waya. Idan na kunna su a wayata, muryoyin mata kawai nake ji, siriri kamar zare. Amma a cikin motar, inda ya saita ufa da hannunsa, sai layin baya ya taso daga ƙasa, a cikinsa kuma ga Baba, yana riƙe da ƙarshen baiti bayan kowa ya saki. Ba a ko'ina nake samunsa ba sai nan.

Ni na karɓi aikin ɗumama motar kowace safiya don kada batir ya kwanta. Na kuma sami yayana, wanda shi ke jan ta ranar Lahadi, na yi masa bayanin batirin mashin da wayoyi biyu. Mama na zaune tana tsince wake, tana ji.

"Yaya, don Allah, ko me zai faru, kada a cire batirin nan ba na nan."

"Ke da tatsuniyoyinki! To, na ji."

"Ba na ji ba. Ka yi alkawari."

Ya dafa ƙirji. "Na yi. Mama shaida."

Mama ta ɗaga kai ta ce ta ji.

Wata Talata Mama ta aike ni kasuwa da safe. Ban wuce awa biyu ba. Da na dawo na ajiye kaya, na ɗauki makulli a inda yake, bayan kalanda, na shiga mota. Ina murɗawa na ga agogon rediyo yana ƙyafta sha biyu, alhali goma da rabi ta yi. Sai wata ƙara ta doke ni daga dama. Sifikar da muka binne shekara da shekaru ce take ihu. Na danna na ɗaya, shuuu. Na biyu, shuuu. Na kunna filashi: matan suka fito tsaf, layin baya kuwa babu kowa, kamar an tashi coci an bar su su kaɗai.

Na sami Yaya yana goge mashin ɗinsa.

"Wa ya taɓa batir?"

"Wane batir?" Bai ɗago ba. "Ƙila ɓera ne ya ci waya. Kin san damina."

Na juya wurin Mama. Ta ce ita tana kicin tun safe.

Da an bar ni a haka, da na yarda da ɓera. Ni mai saurin yarda ce. Har na fara tunanin inda zan sayo tarko, sai ga sallama a ƙofar gida. Maƙwabcinmu ne, dattijon Bafulatani da duk unguwa ke kira Bappa, mai a-kori-kura da ke ɗauko doya daga Iware. Ya shigo rungume da manyan doya uku, yana ta fara'a.

"Useko, useko, na gode! Batirin Baba kamar doki, bugu ɗaya mota na ya tashi." Ya ajiye doyar a gabana. "Ki ba Mama. Shi Mama ne ya ɗauko makulli da kansa, Allah ya saka."

Yaya ya ci gaba da goge wuri ɗaya a jikin tankin mashin.

A unguwarmu aron batir kamar ɗiban garwashi yake. Motarka ta ƙi tashi, ka zo da sifana mai lamba goma, a kwance na maƙwabci, a ɗaura a taka, a tayar, a cire tana kan ruri, a mayar wa mai shi. Ba a hanawa. Balle Bappa, wanda a motarsa aka kai Baba asibiti ranar ƙarshe. Ban riƙe shi da komai ba, har na durƙusa na yi masa godiyar doya. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne mashin ɗin Yaya na nan, taku biyar daga motar, da batirinsa a ciki. Wayata kuma tana hannuna a kasuwa. Sannan ga ɓera.

"Minti goma ne fa kawai," Yaya ya ce bayan Bappa ya fita.

"Ka dafa ƙirji, Yaya."

"To in ce wa dattijo ya jira ƙanwata ta dawo daga sayen tattasai? Kawo makullin, yanzu in saita miki. Ni ma na san kiɗa."

Mama ta fito tana goge hannu da zani. "'Yata, babanki ba ya cikin rediyo, yana wurin Ubangiji. Da yana nan, da kansa zai ciro wa Bappa."

"Zai ciro, Mama. Amma sai ya haɗa waya tukuna."

Ta kwashi doyar ta shige ciki.

Washegari na ja motar da kaina, a hankali, zuwa wurin mai rewaya. Ya yi mini gaisuwar Baba, ya shiga ya zauna yana danne-danne. Agogo da tashoshin gari bai ɗauke shi komai ba. Da ya zo kan ufa sai ya tambaye ni lamba nawa Baba yake sa ƙarfinta, kuma a ina yake yanke mata sauti. Na ce ban sani ba. Wata huɗu ina zama a gaban rediyon nan kullum, ban taɓa shiga cikinsa na duba ba, don ina tsoron kada in ɓata wani abu. Da na rubuta lambobin a bayan hannuna ma, da sun isa.

Ya sa yadda yawancin mutane ke so. Gilashin baya ya hau rawa. Layin baya ya dawo, amma dunƙule, kamar ana magana a cikin randa.

Na nuna masa ƙofar dama, na ce ga wata kuma da ta tashi daga matattu.

Ya yi dariya. "Wannan? Lafiyarsa ƙalau tun da can. Ni na ce wa Baba bari in duba, ya ce kar in taɓa, shi ya tura sautin hagu da gangan. Ya ce kunnensa na wannan gefe ba ƙarfi, idan sifika yana yi, ba ya jin maganar Madam."

Na roƙe shi ya mayar da ita yadda take. Ya murɗa har ta yi shiru. A duk saitin Baba, wannan kaɗai na tabbata na mayar daidai.

Sauran da kunne na bi. Makonni na yi ina zama da ƙofa a buɗe, ina toshe kunnen dama da yatsa, ina murɗawa ɗaya-ɗaya. A kan uku Baba yana nesa. A kan huɗu ya yi kauri fiye da yadda na san shi. Wata rana in rantse huɗu ne, gari ya waye in koma uku. Abin da ya fi ba ni tsoro, yawan saurare ya fara goge mini ainihin yadda yake a da. Maɓalli na shida kuwa, da muka je ƙauye da Kirsimeti na bi tashoshi tun daga farko har ƙarshe, ban gane wadda take taryarmu ba.

Yaya ya ba ni haƙuri sau ɗaya, yana dariya. Mama ba ta sake tayar da maganar ba. Makullin ya bar bayan kalanda, ya koma jakata.

Lahadin farko bayan na dawo daga wurin mai rewaya, muka shiga mota za mu coci. Yaya na tuƙi, ina baya, Mama a kujerarta. Ta kasa kunne wajen ƙofa, ta ɗan buga ta da tafin hannu.

"Af! Ta sake mutuwa?"

Maganar tana bakina. Tata ce, na sani, ba tawa ba. Na dubi bayan ɗankwalinta, na tuna ta ce tana kicin tun safe.

"E, Mama," na ce. "Ta sake."

Har yau ban gaya mata ba.