Makau, wanzamin da ya mayar da aska cikin zabira

Da an idar da sallar asuba a Nasarawa Burkullu, Makau wanzami yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya yi wa tsofaffin unguwa gyaran fuska yana yi musu tsiya kan furfura. Kafin hantsi ya rataya zabira ya hau babur, domin ba a rasa gidan haihuwa da ke jiransa. Bana hannunsa ya fara rawa, ya ce ya ajiye aska. Shi ya sa ya kamata a faɗi alherin mutumin nan tun kunnensa na ji.

A wajenmu, in jariri ya kasa shan nono, kowace tsohuwa ta san sunan cutar: hakin wuya ne, abin da wasu ke kira belu, a kira wanzami ya cire. Haka aka kira Makau gidan Inna Tabawa, gidan da tun zamanin mahaifinsa su ne wanzamansa. Matar ɗanta, Asma, ta haifi 'ya mace, leɓenta lafiya lau, amma da ta tsotsa sai nonon ya dawo ta hanci. Makau ya buɗe ɗan bakin ya haska fitilar wayarsa, sai ya ga rufin bakin a tsage har can ciki. Ya san in ƙarfe ya taɓa wurin nan jini kawai za a zubar, yunwar kuma tana nan.

"Inna, wanga ba hakin wuya na ba," in ji shi. "Ba ni taɓa ta."

"Ubanka bai taɓa hita gidanga da aska bushe ba," Tabawa ta ce. "In tsoro kaka ji, akwai wanzamai Zugu."

Makau bai ja da ita ba. Ya riga saƙonta isa Zugu, ya gaya wa abokin sana'arsa abin da idonsa ya gani. Ranar suna wanzamin Zugun ya zo, ya yi wa jaririyar da aka raɗa wa suna Kausar aski, ya ƙi ko leƙa bakinta. Makau kuwa yana gida, gari na cewa ya tsufa zuciya ta mutu. Maganar ta yi masa zafi ƙwarai, ba ya ɓoyewa.

Amma jaririyar na ramewa, don haka ya ajiye fushi ya nufi Gummi wurin wata nas, Malama Hannatu. Ita ta gaya masa akwai ƙungiyar masu taimako da ke ɗaukar nauyin ɗinke irin wannan tsagi kyauta a Sakkwato, sai dai likita ba ya aiki sai yarinya ta tasa ta yi ƙwari. Ta koya masa yadda uwa za ta tatsi nono, ta zaunar da jaririya, ta ba ta da cokali kaɗan-kaɗan. Ya dawo ya tsuguna a zauren da aka kore shi, yana kwatanta wa Asma daga bayan asabari. Tabawa ta yi kamar ba ta ji, amma maƙwabta sun shaida cokalin daga kwanonta ya fito.

Da lokaci ya yi, shi ya raka uwa da uba har motar Sakkwato, a hanyar da kowa ya san sai da addu'a ake binta. Aka ɗinke tsagin lafiya. Yau Kausar tana makarantar Islamiyya, kuma malaminta ya ce bakinta ya fi na kowa kaifi, har ya so ya yi yawa.

Tun daga nan Makau ya zama mai leƙa baki kafin ya taɓa zabira. Daga ƙauyukan Bukkuyum har Anka, ya fito da yara masu tsagaggen leɓe da ake lulluɓewa in baƙi sun shigo, ya lallashi iyayensu har aka yi musu aiki.

Kai ne, Makau, ka yarda a kira ka matsoraci don 'yar wani ta rayu. Kai ne ka san inda aska ta tsaya. Na gaban wanzamai, mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya saka wa waɗanda ke biyan kuɗin aikin nan ba su ma san fuskokin yaranmu ba.

Saura ku, wanzamai da ungozomomi: ku duba kafin ku yanka, ku nuna wa iyaye hanyar asibiti. Yanzu haka a wani ƙauye nono na fita ta hancin wani jariri, kakarsa kuma ta riga ta aika a kira wanzami. Allah ya sa irin Makau ne zai sauka daga babur.