Malama Ja-Kujera ta Saman Bene

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, da hantsi, ina shanya kaya a tsakar gida autana ya kira ni a waya. Da jin yadda ya ce "Mama" na san ba lafiya ba. Ya ce, "Malama ta rasu." Mai abu Ya karɓi abinSa bayan jinyar kwana tara. Na zauna a bakin rijiya da jiƙaƙƙen zane a hannu, na daɗe ban tuna da igiyar shanya ba.

Malama, shekara goma sha tara kika yi kina kula da sashen littattafan Musulunci da al'adun Musulmi a saman benen ɗakin karatu na jama'a. Kaɗan ne suka san sunanki na yanka. Kowa Ja-Kujera yake ce miki, domin ba wanda zai hau matakalar nan, ko da ɓatan hanya ya yi, ba ki ce masa "ja kujera" ba. Wasu za su yi mamakin ganin tsohuwar nas, wadda ba Musulma ba, ta ɗauki alƙalami tana yi miki ta'aziyya. To, su saurara su ji dalili.

Shekara shida da suka wuce autana, mai gyaran lantarki, ya durƙusa a gabana ya ce ya musulunta. Na ji kamar an yi mini sata da rana tsaka. Wata abokiyar aikina ta ƙara zuga ni, ta ce ai shi ke nan, za a raba shi da ni. Sai na ce kafin ya yar da ni, gara in riga shi. Kullum da safe yakan zo ƙofar ɗakina ya gaishe ni, ni kuwa in juya wa bango fuska. Wata bakwai muna haka.

Ran nan na ɗauki tabarau da littafin rubutu na hau benen nan, fuska a murtuke. Kina bayan tebur, a ƙarƙashin allon da aka rubuta SHIRU da manyan baƙaƙe, kina ba wani labari kina dariya har da buga tebur.

Kika ce, "Sannu da zuwa. Ja kujera."

Na ce, "Ba zama na zo yi ba. Littafin da zan kayar da ɗana da shi nake nema."

Kika dube ni daga sama har ƙasa, kika ce, "Na jifa kike so, ko na karantawa? Duka muna da su."

Ban so yin dariya ba, amma ta kufce mini. Na zauna. Kika saurare ni har na gama, ba ki katse ni ba, ba ki kuma kare kowa ba. Sannan kika tashi kika zaro littattafai uku. Ɗaya a kan haƙƙin iyaye. Ɗaya na hotunan gidaje da kasuwanni da suturun Musulmi na ƙasashe daban-daban. Na ukun tarihin asibitoci da likitocin zamanin da ne. Na ce wannan fa? Kika nuna agogon da ke maƙale a ƙirjina kika ce, "Sista, ai ko a duhu na san nas."

Na tafi gida ina neman laifi da jan biro. Sai na ci karo da babin da ke cewa haƙƙin uwa ba ya faɗuwa daga kan ɗa ko da addininsu ya bambanta: ya kyautata mata, ya yi mata hidima, kada ya ɗaga mata murya. Na karanta sau uku. Washegari na dawo ina haki, na ce, "Ashe har yanzu ina da iko da shi?"

Kika ce, "Iko? Ai ke kika ci riba. A da ke kaɗai ke sa shi biyayya, yanzu kin samu mai taya ki."

Daga nan kika ja ni zuwa zaman Asabar. Ke kika ƙirƙiro shi. Akwai wani akwatin katako a bakin ƙofa, kowa ya jefa tambayarsa ba tare da suna ba, ke kuma ki karanta a bainar jama'a. Kina gayyato malami ko likita ko mai koyar da tarihi su amsa, domin kullum kina cewa, "Ni mai tsaron littafi ce, ba mai ba da fatawa ba." Masu zuwa iri-iri ne: tela, direban motar haya, 'yan makarantar koyon jinya, da wani tsohon ɗan sanda da ba ya wuce mintin goma bai fara gyangyaɗi ba, amma in ya farka sai ya ce bai yarda da amsar ba. Ba tambayar da kike rainawa. Ranar da wani ya tambaya ko raƙumi dole ne ga duk Musulmi, sai da kika share hawayen dariya, sannan kika shimfiɗa taswira kika nuna mana ƙasashen kankara da tsibiran teku inda Musulmi suke zaune ba su taɓa ganin raƙumi ba.

A Asabar ta huɗu kika zaro wata takarda, kika gyara murya, kika karanta: "Mahaifiyata ta daina amsa gaisuwata wata bakwai ke nan. Ina tsoron kada in rasa ta. Me zan yi?"

Malamin da kika gayyato ranar ya ce, "Ya ci gaba da gaishe ta, ko da shekara bakwai ce. Kada ya gaji."

Nan take na gane mai tambayar. Na waiwaya, sai ga autana a can baya, kusa da kantar mujallu, ya sunkuyar da kai, jakar kayan aikinsa tsakanin ƙafafunsa. Ashe shi ma yana da katin aro a wurinki, Talata yake zuwa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Malam, a gaya wa mai tambayar nan fankar ɗakin uwarsa ta yi wata bakwai tana ƙara. In ɗan halak ne ya zo ya gyara."

Aka fashe da dariya. Ɗan sandan ya farka ya ce bai yarda ba. Autana kuwa ya rufe fuska da hula. Da la'asar ya zo ya gyara fankar, ya gyara soket ɗin da ba abin da ya same shi, ya zauna ya ci abinci a gabana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na san karin maganar tun ina yarinya, amma sai a ɗakinki na gane da ni take.

Da na tsare ki na ce ke kika shirya wannan, sai kika buɗe ido kika ce, "Ni? Sanarwa kawai na manna a allo, kowa ya gani." Har kika koma ga Allah ba ki amsa laifin nan ba.

Shekara shida ina hawa benen nan, ko sau ɗaya ba ki ce in bar addinina ba. Maimakon haka kika sa ni a gaban jama'a wata Asabar, kika ce yau akwatin nawa ne, su tambaye ni yadda muke ibada. Kika shigar da ni ajin koyon rubutun Larabci na ado, kika rataye aikina a bango duk da cewa kamar kaza ce ta bi ta kan takardar. Kina kai wa tsofaffi littattafai masu manyan baƙaƙe har gida. Kina karanta wa makafi a rikoda da muryarki, har da tarinki a ciki. Ranar da rufi ya yi yoyo, mayafinki kika cire kika lulluɓe kantar taswirori, kika tafi gida a jiƙe kina waƙa. Aibinki biyu na sani: ba kya iya yin shiru, kuma duk biron da ya shiga hannunki ya shiga ke nan. Nawa guda huɗu na yafe miki.

Da aka kwantar da ke na je na zauna a gefen gadonki. Jiki ya yi laushi, amma bakin yana nan. Wata matashiyar nas ta ce miki tana jin kunya idan marasa lafiya suka tambaye ta yadda mai kwance zai yi salla, ba ta san amsa ba. Kika karɓi bironta, kika rubuta mata sunayen littattafai uku a bayan kwalin magani, da lambar kantar da kowanne yake. Kika ce, "In kin je ki ce ni na aiko ki." Jiya na gan ta a saman bene da kwalin a hannu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, wanda ya yi shekaru yana jiran ki a mota alhali kin ce masa "minti biyar". Ga 'ya'yanki mata biyu da jikokinki. Ga yayarki da ta yi jinyarki. Ga abokan aikinki, da duk jama'ar zaman Asabar. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu tare, domin rashin na kowa ne.

Malama, autana ya bi sahu ya yi miki salla, ni kuma ranar Lahadi na ambaci sunanki a cikin addu'ata. Ban san yadda malamai za su auna wannan ba, amma Wanda muka roƙa Ya san ki fiye da mu. Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi. Allah Ya sa duk shafin da wani ya buɗe ta dalilinki ya zame miki lada mai gudana. Ya raya zuriyarki cikin albarka, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da kyau. Amin.