Littafina a Hannun Mai Ƙosai

Ranar wata Alhamis ce, kasuwar Maigatari tana ci, a kakar shekarar da aka cire ni daga aji biyar. Na raka babanmu sayar da akuya, yunwa ta kama ni, na je wurin Gwaggo Hansai, wata 'yar ƙauyenmu da ke tuyar ƙosai a bakin kasuwa. Ta yago takarda ta ƙunsa mini. Ina buɗewa na ga layin gawayi a ƙarƙashin wata kalma, irin wanda nake ja idan kalma ta gagare ni. Littafina ne, wanda na yi kwana da kwanaki ina nema har cikin akurkin kaji.

Littafin ba shi da bango, balle sunan wanda ya rubuta shi. Wani malaminmu ne ya bar mini shi da aka yi masa canjin wurin aiki. Labarin wani yaro ne da ɓarayi suka kore raƙumar ubansa, ya bi sawu shi kaɗai har cikin Damagaram. A cikin tsohon buhun taki nake naɗe shi, in cusa a ƙarƙashin rumbu saboda awaki. Da damina, idan rana ta take muka jingine fartanya a gindin tsamiya ana shan fura, sai in karanta wa ƙannena da Sale, ɗan baffana, shafi ɗaya ko biyu. Karatun nawa na ɗingishi ne, ina haɗa baƙi ina hutawa, shi ya sa har aka yanke gero ban kai ƙarshe ba. 'Yan shafuka kaɗan suka rage, yaron ya hango garken raƙuma a bakin wata rijiya, sai littafi ya ɓata.

Mutum biyu ne suka ƙi jininsa a gidanmu. Babanmu kullum cewa yake, "Takarda ba ta cika rumbu." Shi kuwa Sale, da ko ƙofar aji bai taɓa leƙawa ba, sai ya ce, "Ƙarya yake sharara mana, daga kansa yake tsarowa." Amma shi ne ke fara matsowa kusa da gwiwata.

Na tambayi Gwaggo Hansai wa ya kawo mata. Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Daga gidanku dai ya fito, ɗan nan. Matsa, ka tare mini masu saye." Na duba abin da ya saura a gefen kaskonta, ashe daga baya ta fara yaga. Ƙarshen labarin ya watsu cikin kasuwa, wataƙila har ya tsallaka Nijar a aljihun wani. Sale ya rantse mini da abin da zai kashe shi cewa ba shi ba ne. Babanmu kuwa ba mai iya tuhumarsa ido da ido, sai na ɗora masa laifin a zuciyata, kuma da wannan ƙullin na raka shi makabarta.

Bara, Sale ya ɗauko ni a adaidaita sahunsa cikin Gumel, muka wuce wani raƙumi da kaya. Ya kwashe da dariya ya ce, "Ka tuna yaron nan naka? Ashe raƙumar da ƙafarta ta koma gida, wahalar banza ya sha." Na ce wa ya gaya masa. Ya ce, "Haba Yaya, hasashe ne kawai," ya hau danna ham alhali ba kowa a gabanmu. Sale har gobe bai iya karatu ba. Ko dai ya kai wa wani ya karanta masa kafin ya musanya shi da ƙosai, ko kuwa zolayata yake. In na farkon ne, tsohon da na riƙe a rai bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Yanzu 'ya'yana littattafai ne fal a wayarsu, su leƙa ƙarshe tukuna kafin su fara, har su tambaye ni marubucin da na fi so. Ban san sunansa ba. Mu da muke jiran rana ta take don shafi biyu, da an bar mu mun ƙarasa. Ƙarshen labari guda nake nema a duniya, wanda ya ba ni shi kuwa ban yarda da bakinsa ba.